Giyar da Ghali Bai Sha Ba

Ranar Laraba, ana gab da magariba, aka bugo waya ofishin 'yan sanda na unguwar Dengfeng cewa an tarar da gawar wani ɗan Afirka a ɗakinsa.

Ofisa Lin, wadda aka ɗora wa aikin, ba ta tsaya neman tafinta ba. Ta leƙa ofishin da ke kusa da nata ta yafito Insifekta Tankari. Shi Tankari mutumin Argungu ne, ya daɗe yana binciken manyan laifuka a Kano kafin a turo shi Guangzhou kwas na musayar ma'aikata. Ba shi da ikon kama ko ɓera a ƙasar nan, amma yana da abin da duk ofishin ba su da shi. Yana jin abin da Bahaushe ya faɗa, yana kuma jin wanda ya haɗiye.

Gidan tsohon bene ne. A ƙasa akwai ofishin aika kaya zuwa Najeriya, an jibge kwalaye har sun rufe kyamarar da ke kallon matattakala. Lin ta dubi kwalayen, ta dubi kyamarar, ta yi tsaki irin nasu.

Tun daga hawa na biyu warin giya ya tare su. A ƙofar ɗakin maza ne cike, 'yan kasuwar Kano da na Kumasi, ba mai kuka, ba mai addu'a. Kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa.

Mamacin shi ne Ghali Mai Turare, ɗan Fagge, wanda duk mai sayen turare a garin nan sai ya kawo masa ya shinshina kafin ya biya. Yana kwance rigingine a doguwar kujera, baki a buɗe, gaban rigarsa sharkaf. A kan tebur akwai kwalbar wiski da ta yi rabi, da kofin shayi na gilashi cike fal har baki. Can gefe kuma wani ɗan kofi ne mai ƙaton ciki da tsukakken baki, abin da ke cikinsa bai fi cokali biyu ba, an rufe shi da takarda. Wayar mamacin tana tsaye a kan 'yar ƙafarta, tana fuskantar ƙaramin kofin.

Tankari ya daɗe yana kallon kofin shayin.

"Me ka gani?" in ji Lin da Turanci.

"Na kwashi mashaya a Sabon Gari har na gaji," ya ce. "Ban taɓa ganin wanda ya cika kofin shayi da wiski kamar zai sha koko ba."

Sai aka yi gyaran murya a bayansu. Mutane suka dare, wani dattijo ya shigo da carbi a hannu. Alhaji Abdulƙadir ke nan, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa kuma mai ofishin da ke ƙasa. Shi ke jan salla a ɗan ɗakin da suka keɓe a benen, kuma in aka yi rasuwa shi ke wankan gawa. Shaddar jikinsa sai ƙyalli take, amma a kansa wata farar hula ce ta leshi, irin wadda ake sayarwa a buhu.

"Yallaɓai, sannu da zuwa," ya ce. "Abin kunya ya same mu."

"Rasuwa ta same ku, Alhaji. Wa ya fara ganinsa?"

"Iyalinsa. Ta dawo daga kasuwa bayan la'asar, ta ƙwalla ihu, na hau da gudu."

"Kafin nan ka shigo ɗakin yau?"

"Me zai kawo ni? Tun safe ina ƙasa ina awon kaya."

"Hoton da nake gani a wayoyin mutane fa, wa ya ɗauka?"

"Ni na ɗauka, don shaida. Dattawa kaɗai na tura wa."

Dattawan nan kuwa da alama suna da saurin yatsa, don kafin a kira magariba hoton ya isa Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari. Ghali ne baki a buɗe, kwalba kusa da kansa.

"Yaushe za ku yi masa sutura in an ba ku gawar?" Tankari ya tambaya.

Alhaji ya girgiza kai a hankali. "Mu? Yallaɓai, mutanen kirki ba sa tsayawa a kan wanda ya mutu da kwalba a hannu. Ni dai hannuna ba zai taɓa shi ba. Jibi bayan Juma'a zan tara jama'a in sanar. Hukumar garin nan ta yi yadda take yi da gawar da ba ta da mai ita."

Ya faɗi haka ne a bakin ƙofa, da muryar da za ta kai ɗakin maƙwabta inda aka zaunar da matar mamacin. Tankari ya ji ransa ya ɓaci, ya nufi ɗakin.

Madina, matar Ghali, tana zaune a ƙasa ta jingina da bango. Ba ta kuka, idonta ya bushe ƙamas.

"Malama, Allah ya ba ki haƙuri. Kin san da kwalbar nan a gidanki?"

"Ban taɓa ganinta ba."

"Ƙaramin kofin nan mai tsukakken baki fa? Na ga 'yan'uwansa a jere cikin kwanukanki, a wanke tas."

Ta ɗago ta dube shi. Sannan ta ce, "Yallaɓai, in na faɗa maka, za ka faɗa musu?"

"In zai sa a yi masa salla, zan faɗa."

Sai ta fasa ƙwai. Abban Rukayya, in ji ta, don ba ta kiran sunansa, bai taɓa kai giya bakinsa ba. Wani kamfanin 'yan China ne masu haɗa wiski suka ji labarin hancinsa, suka riƙa kawo masa sabon haɗi ya shinshina ya faɗi ra'ayinsa. Su kuma su buga a shafinsu da wani suna na daban. Yakan ɗauki muryarsa da Hausa, ita ta juya musu zuwa Turanci, don ya ce hancinsa ba ya jin Turanci.

"Na hana shi tun farko," ta ce. "Ya ce ai turaren da muke sayarwa ma da sinadarin ake haɗa rabinsa. Ni ce na ƙyale shi, Yallaɓai. Ni ce ma nake rubutawa."

Ta ba su lambar buɗe wayar. Lin ta danna ɗaukar ƙarshe. Hannaye kawai ake gani da ƙaramin kofin, sai muryar mutum mai son raha.

"To, Madina, rubuta. Wannan sabuwa ce, ba ta shiga kasuwa ba. Sun ce giyar sha'ir ce ta gidaje daban-daban suka gauraya, suka rufe a gangar itacen oak ta shekara da shekaru. Bari mu ji ko gangar ta yi aikinta." Aka ji ya ja numfashi. "Farko dabino, busasshe, irin wanda ya kwana a aljihun riga. Bayansa zuma da ɗan kanumfari. Can ƙasa akwai hayaƙi, ba mai yawa ba, kamar ka wuce tukubar mai tsire da safe wuta ta mutu. Itacen yana nan, ya ba ta nauyi. Amma ki rubuta musu cewa akwai ganga ɗaya a ciki da ba ta tsufa ba, tana cizon hanci. Lawban zai ji haushi, to sai dai ya ji."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"A buɗe take!" Aka ji ƙarar ƙofa, sannan dariya. "A'a! Yau manya ne a ɗakinmu?"

Hannu ya miƙo, hoton ya yanke. Agogon wayar ya nuna bayan azahar ne da kaɗan.

Washegari da safe suka nufi ofishin lawban ɗin da Ghali ya ambata, wato mai kamfanin, wani Mista Fan. Gajere ne mai yawan murmushi, ya tare su da shayi.

"Ghali? Meyo, meyo," ya ce, wato a'a da harshensu. "Ban san shi ba."

Lin ta ajiye masa wayar mamacin a gaba, ta nuna masa sunansa a jerin kira. Murmushin ya tsinke.

"To, na san shi. Amma ya roƙe ni kada kowa ya ji. Ya ce mutanensa za su tsine masa."

"Ya kushe maka giya a baya?" in ji Tankari.

"Kullum! Shi ya sa nake biyansa. Sauran duk sha suke su ce ta yi daɗi. Shi ko ɗigo ba ya sha, amma sai ya gaya maka wace ganga ce ta lalace."

"Ina kake jiya bayan azahar?"

Yana filin jirgin Baiyun yana karɓar kaya, kuma kyamarorin can suka tabbatar. Kwalaben sabon haɗin kuwa kaɗan ne aka cika don gwaji. Guda ɗaya ce ta fita daga ofishin, ita ce ta ɗakin Ghali.

Tankari ya ɗauki wata irinta daga kan kanta, ya buɗe, ya karkata ta kan kofi don ya ga yadda take zuba. Ko ɗigo bai fito ba. Ya ƙara karkatawa, shiru. Sai ya girgiza ta da ƙarfi.

"Kada ka…" in ji Mista Fan, amma ya makara. Abin ya tsarto, ya fantsama a hannun rigar Tankari har gwiwar hannu.

"A'uzubillahi!" Tankari ya dire kwalbar, ya ja da baya yana yarfe hannu. "Ina banɗaki? Ina ruwa?"

Mista Fan yana ta ba da haƙuri, yana bayanin cewa akwai ɗan ƙwallo a wuyan kwalbar don hana 'yan jabu sake cika ta, sai an juya ta a hankali take zuba. Tankari bai tsaya ji ba. Yana gaban famfo yana cuɗa hannun riga, don bai ga yadda zai yi azahar da najasa a jikinsa ba.

Yana cikin cuɗawar ya tsaya cak, ya dubi hannun rigar, ya dubi kansa a madubi. Ya fito da ruwa yana ɗiga.

"Ofisa Lin, wanda ya zuba giyar nan bai taɓa riƙe kwalba ba. Ya girgiza ta kamar yadda na yi. Kuma in irina ne, abin da na yi yanzu shi ma shi ya yi."

Da rana sakamakon likita ya iso. Babu ko ɗigon giya a jinin Ghali. A baki da maƙogwaro kawai take, an ɗura masa ne bayan ya daina numfashi. Akwai rauni a ƙeyarsa wanda ya yi daidai da gindin kaskon turarensa na ƙarfe, amma ba shi ya kashe shi ba. Matashin kujera aka danna masa a fuska.

Masu ɗaukar zanen yatsu kuma suka ce na Ghali kaɗai ne a kwalbar, su ma an shafe rabinsu. A kwandon shara sun tsinci baƙar leda jiƙe da wiski, an juya cikinta waje.

"Ya sa leda don ya ɓoye yatsunsa," in ji Lin. "Ƙwararre ne."

"Ƙwararre ba ya barin ledar a kwando. Wannan ba yatsu yake ɓoyewa ba, ƙyama yake yi. Ba ya son fatarsa ta taɓa kwalbar."

Lin ta ɗaga gira. "Mutumin da ya danne wa wani numfashi da matashi?"

"Shi fa."

Ya zauna yana tunani. Riga dai a cuɗa ta a famfo, kafin la'asar ta sha iska. Wando ma haka. To mene ne a jikin Bahaushe wanda in najasa ta taɓa shi ba zai yi salla da shi ba, ba zai iya wanke shi da kansa ba, kuma ransa ba zai bar shi ya jefar ba? Sai farar hular leshin nan ta faɗo masa a rai, a kan shadda mai tsadar gaske.

Hular zanna ba a wanke ta a gida. In ka jefa ta a ruwa ka cuɗa, ta mutu ke nan, sai dai ka ba yara. Dole sai mai wankin hula, wanda zai wanke, ya sa sitaci, ya ɗora a gungume ta bushe, sannan ya buge. A duk Dengfeng mutum ɗaya ke wannan sana'a, wani Illa mutumin Maraɗi, a bayan shagon aski.

Suka same shi ya jera huluna a kan gungumomi don masu zuwa Juma'a. Da ya ga Lin da kaki sai ya miƙe zumbur.

"Malam Illa, wa ya kawo maka hula jiya tsakanin azahar da la'asar?"

"Wallahi, Komisa, ba kowa. Jiya ban ga kowa ba."

"Waccan ledar da ka rataye a taga, ka ƙulle bakinta, ta mece ce?"

"Tsumma ne."

"Buɗe mu ga tsumman."

Illa bai motsa ba. Lin ta sa safar hannu ta kwance. Zanna ce baƙa da ruwan zinariya, ɗinkin hannu, gefe ɗaya ya yi tabo. Warin da ya tashi bai bar wa kowa tambaya ba.

"Komisa, ka rufa mini asiri," in ji Illa. "Takarduna sun kusa ƙarewa, kuma shi ka sa wa mutane hannu. Ya ce najasa ta taɓa ta, in wanke maza. Ni ko na ga in na sa ta cikin ruwa guda da na mutane duk sai su ɗauki wari, shi ya sa na aje ta. Da na ji abin da ya hwaru sai tsoro ya kama ni."

"Ta wa ce?"

"Ta Ƙahwar Kuje… ta Alhaji Abdulƙadir."

"Me ka fara cewa?"

Illa ya rufe baki da hannu, amma magana zarar bunu ce. Tankari ya matsa masa har ya ba da labarin.

Watannin baya an yi walimar suna a wani gidan abinci na unguwar. Alhaji ya zo da itacen turaren wuta a akwati mai kyau, ya ce oud ne na asali daga Kambodiya, irin wanda yake aika wa manyan mutane a gida. Aka miƙa wa Ghali don ya yaba. Ghali ya kai hanci, ya kwashe da dariya, ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙafar kujera ce aka jiƙa da mai." Wurin ya ɗauki dariya har da masu rabon abinci. Tun daga ranar, in Alhaji ya ba da baya, ba mai kiransa da wani suna sai Ƙafar Kujera. Sunan ya bi kaya har Kano.

Baki shi ke yanka wuya, Tankari ya ce a ransa. Ya ji tausayin Ghali, ya kuma ji haushinsa kaɗan.

Ranar Juma'a, da aka sauko daga Masallacin Huaisheng, jama'a suka taru a ɗakin salla na benen. Ɗakin ya cika har matattakala. An kira Madina ta zauna a bayan labule don ta ji hukunci da kunnenta.

Alhaji ya miƙe, ya yi salati, ya fara. "Jama'a, mu baƙi ne a ƙasar mutane, mutuncinmu shi ne jarinmu. Wanda ya zaɓi ya mutu a kan…"

"Alhaji, gafara dai."

Tankari ne ya ratso sahu, Lin da 'yan sanda biyu suka tsaya a ƙofa. Ya ajiye wata leda mai haske a kan darduma. Hular tana ciki.

"Taka ce?"

Alhaji ya dube ta. "Tawa ce. Da na hau na ga gawar, na sunkuya, ta faɗi cikin ƙazantar. Laifi ne?"

"Bayan la'asar ke nan, da matarsa ta yi ihu?"

"Ƙwarai."

Tankari ya juya ga jama'a. "Shekaranjiya wa ya ja muku la'asar?"

"Alhaji," aka amsa.

"Da wace hula?"

Can wani dattijo ɗan Kumasi, Mutawakilu, ya ce a hankali, "Da farar nan. Har na tsokane shi, na ce ko zannar ta tafi hutu."

"Illa ya karɓi hular nan kafin la'asar," in ji Tankari. "Likitoci sun auna tabon. Giyar da ke jikinta ba ta shiga kasuwa ba, kwalba ɗaya ce a duk unguwar nan. Sun kuma auna jinin Ghali, babu ko ɗigo. Bai sha ba, jama'a. Ɗura masa aka yi bayan ya mutu. Alhaji, ta yaya giyar ɗakin Ghali ta hau hularka tun matarsa tana kasuwa?"

Carbin ya tsaya a hannun Alhaji. Ya dubi fuskokin mutanen da ya shekara yana ja wa salla, bai ga mai cetonsa ba. Sai ya zauna a kan darduma, ya miƙe ƙafa, kamar wanda ya gaji da tsayuwa.

"Na je ne in roƙe shi," ya ce. "Ni, da furfurata. Na ce ya tashi gaban jama'a ya ce wasa yake yi. Na same shi da hanci cikin kofin giya. Na ce, Ghali, kai ne da wannan? Ya ce shi shinshinawa kawai yake. Na ce to mu yi musaya, ka janye maganarka, in rufe taka. Kun san abin da ya ce mini?"

Bai jira amsa ba.

"Ya ce, 'Alhaji, ita wannan aƙalla itacenta na gaske ne.' Ya juya mini baya yana dariya. Kaskon yana kusa da hannuna."

"Bugun bai kashe shi ba," in ji Tankari. "Da ka tsaya nan, da yana asibiti."

"Na sani. Na ga yana numfashi. Na tsaya a kansa na yi tunani, na ce in ya tashi, gobe ma dariya zai yi. Kuma mutuwa kaɗai ba ta biya ni ba, don in ya mutu haka kawai, ni zan wanke shi, ni zan tsaya gaba in roƙa masa gafara, ku kuna bayana kuna cewa Ƙafar Kujera. Ya ɓata mini suna ina raye. Na ce shi kuwa sai ya shiga ƙasa ba wanka, ba salla, ba mai cewa Allah ya jiƙansa."

Daga bayan labule aka ji wani sauti, ba kuka ba, kamar an taka wa mutum ciki.

"Ka danne numfashin Musulmi da hannunka," in ji Tankari, "ka sauko ka ja wa mutane salla. Duk wannan bai dame ka ba, sai ɗigon giya a hula?"

Alhaji ya dube shi da mamaki na gaske. "Najasa ce fa, Yallaɓai. Da ita zan yi salla?"

Lin ta yi wa yaranta alama. Aka ɗaga shi, aka sa masa ankwa. Da suka zo daidai labulen sai ya ja ya tsaya, ya ɗaga murya.

"Madina, hoton yana wayar kowa a Fagge. Takardar likita kuwa da rubutun China take, ki je ki karanta musu. Rukayya dai 'yar mashayi ce har ta yi aure, in ta samu mai aurenta."

Aka ja shi. Mutane suka dare masa hanya a matattakala kamar yadda suka saba, har aka sa shi a mota.

Tankari ya juyo ga waɗanda suka rage. "An saki gawar, tana mutuware. Kun ji da kunnenku bai sha ba. Wa zai wanke shi?"

Wani ya duba agogo. Wani ya tuna yana da kaya a Baiyun. Daga can baya, ba a san bakin wa ba, aka ce ƙasa-ƙasa, "Amma dai kwalbar a ɗakinsa aka same ta."

Ba wanda ya ce wa mai maganar ya yi shiru.

Tankari ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, duk suka sunkuyar da kai. Sai ya kwance agogonsa ya miƙa wa Lin, ya fara naɗe hannun riga.

"Malama," ya ce wa labulen, "akwai likkafani a gidan?"

"Babu, Yallaɓai," in ji Madina. "A wurin Alhaji ake ajiyewa."